Adaidaita a hannun mai ritaya daga aikin kaki: abin da take bayarwa da abin da take ci

A Damagaram, idan ɗan sanda ko jandarma ko gardi ya kusa ajiye kaki, shawarar da ya fi ji daga ƴan uwa da abokan aiki guda ce: ka sayi adaidaita ka ba yaro, ka zauna gida kuɗi na shigowa. Rabin maganar gaskiya ne. Adaidaita tana da juriya, gyaranta ba ya buƙatar babban gareji, kuma garin da mutane ke zirga-zirga tsakanin Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam da Kasuwar Dole ba ya rasa fasinja. Amma wannan “ka zauna gida” shi ne ya cinye jarin dattawa da yawa. Za mu auna abin hawan kamar yadda ake auna kowace haja, sannan mu auna shi da halin wanda ya yi shekara talatin ana ce masa shef, domin nan ne riba ko asara ta fi fitowa.

Iri biyu suka fi yawa a titi, Bajaj RE da TVS King, dukansu ƙirar Indiya. Ƙirarsu kusan ɗaya ce. Injin yana baya, ƙarƙashin kujerar fasinja, silinda guda, girmansa wajen sisi 200, ba a gauraya masa mai da fetur. Giya huɗu gaba, ɗaya baya, ana canza ta da hannun hagu. Tanki yana cin wajen lita 8. Taya lamba 4.00-8 ce, ƙarama, birki kuma na ƙafa ne mai aiki da ruwan birki. Mutum uku aka yi ta domin su, ban da direba. Wasu Bajaj na zuwa da buji biyu a kan silinda ɗayan, abin da ke taimaka wa ƙonewar fetur amma ya ƙara maka abin saye guda. Masu son TVS suna yabon zamanta a hanya, masu son Bajaj suna yabon sauƙin kayanta. A ganinmu bambancin bai kai yadda ake ta musu a tasha ba. Ka je wajen mai gyaran da ya fi kusa da gidanka, ka dubi irin kayan da ke rataye a shagonsa, ka sayi wadda ya fi sanin cikinta. Adaidaitar da za ta kwana uku tana jiran a kawo mata ƙarfe daga Kano ta fi tsada, ko da an sayo ta da rahusa. Wanda ya ga yadda kayan gyara suka yi wuya bayan rufe iyaka da Najeriya a watan Agustan 2023 ya san wannan ba zance ba ne.

Wajen shan fetur ba ta da laifi. Mai lafiya, da kaya daidai, tana yin kilomita 25 zuwa 30 a lita guda. Da farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a watan Yulin 2024, cika tanki bai kai jaka huɗu, wato sefa 4,000, cif ba. Mu ɗauka yaro yana yin kilomita 100 a yini. Idan lita na kai shi kilomita 25, zai ƙone lita 4, wajen jaka biyu ke nan. Idan matatar iska ta toshe, ko taya ta yi laushi, lita ta koma kilomita 20, zai ƙone lita 5. Dala ɗari ce, wato sefa 500, ta tafi a yini, a kwana 26 jaka goma sha uku. Yaron ba daga aljihunsa zai cire ta ba, daga kuɗin canjin man inji zai cire, sai asarar ta dawo kan injinka. Game da man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuwa, tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 arahar da ake gudu dominta ta ragu ƙwarai, ga matatar mai ta SORAZ nan kan hanyar Tanut tana aiki tun 2011. Idan dole ta sa an sha na kwalba, kamar lokacin ƙarancin mai na watan Maris ɗin 2025, a tace shi da kyalle mai tsabta, domin ruwa da ƙura su ke toshe karbireta.

Inda adaidaita ke shan wuya a garin nan shi ne ƙura da rairayi. Injinta iska ke sanyaya shi, akwai fanka da murfin da ke tura iskar kan silinda. Wasu direbobi na cire murfin nan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wai don injin ya sha iska. Kuskure ne babba. Ba murfi, iskar fanka watsewa take, silinda ta yi zafi, zoben fistan su lalace, ka fara ganin hayaƙi shuɗi. Duk ranar da ka ga an cire shi, a mayar kafin ta fita. Matatar iska kuma a buɗe ta kowane mako daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo. Idan ta soso ce a wanke, a bari ta bushe sarai, a shafa mata ɗan mai. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake, in ta yi baƙi a canza.

Man inji bai kai lita 2 ba, saboda haka rowa a kansa ba ta da ma'ana. A sa 20W50 na babur, wanda aka rubuta 4T a jikinsa, domin faranten kuloci cikin mai suke aiki, wani man mota kuwa yana sa su zamewa. Littafin kamfani yana ba da tazara mai tsawo tsakanin canji da canji, amma da ƙurar nan da lodin nan mu shawararmu kada a wuce kilomita 2,000, wato kusan mako uku ga mai yin 100 a yini. Sabuwa fil a lallaɓa ta kilomita 1,000 na farko, kada ta wuce gudun 40, a kuma zubar da man farko da wuri, domin shi ke kwashe garin ƙarfen da sabon inji ke saki. Abu guda da muke son mai ritaya ya riƙe da hannunsa shi ne wannan: kai za ka sayi man, a gabanka za a buɗe galan, a gabanka za a zuba. Ba rashin yarda da yaro ba ne, man jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma yaron da ke sauri ya koma tasha ba zai tsaya duba hatimin murfi ba.

Sai kardan, sandunan nan biyu da ke kai juyi daga inji zuwa tayoyin baya. Kowanne yana da robar da ke rufe gaɓarsa, cike da giris. Robar ba ta da tsada, amma da ta yage rairayi ya shiga ya gauraya da giris, sai ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Alamarsa ƙwas-ƙwas idan an tashi ko an karya kwana. Leƙa ƙarƙashi sau ɗaya a mako ya isa a gane. Rairayin unguwannin bayan gari kuma yana cin kuloci, domin direba kan riƙe shi rabi yana ba da wuta don ya fita. Gara fasinja su sauka su tura taku goma da a ƙone faranti. Wayar kuloci da wayoyin giya suna tsinkewa ba sallama, a ajiye na canji ƙarƙashin kujera tare da buji guda. Iskar taya wajen 30 a gaba, 34 a baya a ma'aunin mai faci. Da damina kada a shiga ruwan da ya kai tsakiyar taya. Irin ruwan 2024, wanda ya rusa tsohon masallacin Birni, ya nuna yadda titunan garin ke zama ƙorama cikin awa guda. In ta mutu cikin ruwa kada a sake tayarwa, a tura ta waje, a cire buji, a duba mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a zubar.

Babban aibinta na ƙira shi ne kifewa. Ƙafa uku ce, ba ta son a karya kwana da gudu, ba ta son mutum biyar a baya da biyu gefen direba, kuma jikinta gwangwani ne da tamfol, ba abin da ke kare fasinja. A cikin gari tana daidai. A kan babbar hanya, ko da zuwa Mirya ne mai kilomita 18, tana haɗa hanya da manyan motoci masu zuwa Difa, iskarsu kaɗai tana girgiza ta. Ba mu ba da shawarar a bar yaro ya bi wannan hanya bayan magariba ba.

Wanda zai sayi ta hannu, a nan tsohon aikinsa zai yi masa rana fiye da kowa. Ya san yadda ake haɗa lambar shasi da lambar inji da abin da ke rubuce a takarda, ya san lambar da aka goge aka sake bugawa. Idan daga Najeriya ta shigo, a nemi takardar duwan, kada a yarda da “za a kawo”. A je kallonta da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. A ɗaga tayar gaba a girgiza, a dubi wuyan da ke riƙe ta da wajen da ƙafafun baya suka kama shasi, ko akwai walda sabuwa da aka shafe da fenti. A ɗauki mutum uku a hau gangaren duwatsun Birni da ita, a ga ko giya na fita da kanta. Abin da agogon kilomita ya nuna kada a dogara da shi, cire wayarsa ba wuya.

Kafin a kai ga saye ma, akwai lissafin gida. Fansho bai kai albashi ba, domin alawus iri-iri da ke tafe da kaki suna tsayawa ranar da aka ajiye shi, kuma haɗa takardun fansho yana ɗaukar lokaci tsakanin albashin ƙarshe da biyan farko. Wanda ke zaune a gidan ma'aikata ga kuma neman wurin zama. Saboda haka kada a taɓa kuɗin cefanen wata shida, abin da ya ragu a bayansa shi ne jari. Sannan a yi lissafin wata da kwana 24, ba 30 ba, domin akwai Juma'a, akwai ranar gareji, akwai ciwo da biki da rasuwa. Mu ɗauka, don misali kawai, an yi da yaro zai riƙa kawo jaka huɗu a yini. A wata jaka 96 ke nan. A ware kashi ɗaya cikin uku, jaka 32, don mai da taya da gyara da takardu, saura 64. Kowane miliyan guda da ka zuba zai ɗauki kusan wata 16 kafin ya dawo. Ka sa farashin da dila ya faɗa maka da kuɗin yinin da ake biya a tasharku cikin wannan lissafi, za ka ga da idonka ko abin ya karɓe ka. Cin bashin banki a kan fansho don sayen ta, mu ba mu goyi bayansa ba, domin banki ba ya jiran a gama gyaran inji.

Hanyar aiki da ita uku ce. Ka tuƙa da kanka, ko ka ba yaro ya kawo kuɗin yini, ko ku yi yarjejeniyar ya riƙa biya har ya mallaka. Tuƙawa da kai ta fi riba, kuma tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Mutumin da jikinsa ya saba tashi kafin asuba, ya saba da jerin gwano da sintiri, idan aka wayi gari ba inda za shi sai fada da shayi, zaman yana cin sa. Barci ya lalace, faɗa da iyali ya yawaita, hawan jini ya samu ƙofa. Aikin awa huɗu da safe, kai ƴan makaranta, ɗauko kayan mata daga Dole ranar Alhamis, yana mayar wa yini da tsarinsa. Amma a faɗi gaskiya, adaidaita tana jijjiga baya da gwiwa, fitilarta ba ta da ƙarfi, mai ciwon ƙugu ko raunin ido kada ya yi yini cur a kanta. Mafi dacewa ga dattijo shi ne ya riƙe safiya, yaro ya karɓa daga azahar. Yarjejeniyar biya har a mallaka ita ta fi sa yaro ya kula da inji, tunda nasa zai zama, sai dai a bar takardun da sunanka har ranar biyan ƙarshe.

Kowace aka zaɓa, a rubuta. Nawa ne kuɗin yini, wa ke sayen fetur, wa ke biyan faci da ƙananan gyara, wa ke ɗaukar babban gyara, ƙarfe nawa ake shigowa da ita, ina take kwana, wa ke biyan tara idan laifin tuƙi ne, kwana nawa na rashin biya ke warware magana. Shaidu biyu, ɗaya daga dangin yaron, in da hali a gaban mai unguwa. A gidanka za ta kwana. A hana ba da ita ga wani yaron ya yi “ɗan zagaye”, domin yawancin ɓarna daga hannu na biyu take fitowa. Sai littafi, irin wanda ka saba cikawa a ofis: kwanan wata, kilomita, kuɗin da aka kawo, abin da aka gyara, sa hannun ku biyu. Wannan ɗabi'a ta aikin kaki babu wadda ta fi ta amfani a sana'ar nan.

Akwai kuma ɗabi'un da dole a bar su tare da kakin. Yaron da ke tuƙa maka ba ƙaramin ma'aikaci ba ne da doka ta ɗaure shi ya ce to. Abokin ciniki ne, yana da inda zai koma gobe. Idan ya zo da kuɗi ba su cika ba ka tsare shi da tambayoyi kamar mai ɗaukar bayani a komisariya, zai daina gaya maka gaskiya. Ranar da inji ya fara ƙara ba zai faɗa ba, sai injin ya mutu. Ka ce masa, “Ɗana, zauna, me ya faru yau?” ka saurara, ka duba littafi, lissafi zai nuna maka mai gaskiya cikin mako biyu ba tare da tsawa ba. Kuma a sani, matasa da yawa da ke wannan sana'a a Zinder sun taɓa haɗuwa da masu kaki a ranar da ba ta yi musu daɗi ba. Wasu za su ɗauke ka uba, su ce Baba, wasu za su yi ɗari-ɗari. Shiga tasha ta ƙofar sandika, biyan abin da kowa ke biya, bin layi kamar kowa, shi ke narkar da wannan. Barazanar “zan sa a rufe ka” a kan bashin kuɗin yini kuwa, ban da zubar da girma, tana iya jawo wa mai yin ta magana a gaban alƙali.

Haka batun takardu. Jarabar da ke damun sabon mai ritaya ita ce ya ce ai yaran da ke kan hanya ni na koya musu aiki. Shekara biyu ko uku za a sauya su, waɗanda za su zo ba su san fuskarka ba, kuma ko sun sani, ka sa su cikin kunya tsakanin girmama ka da aikinsu. Katin ritaya shaida ce ta aikin da aka yi, ba ta tsayawa a madadin takardar mota. A cika komai: kartagiris da sunanka, lamba, inshora, harajin shekara, abin da ma'aikatar magajin gari ke karɓa na masu haya, da lasisin tuƙi na yaron, wanda za ka gani da idonka ka ajiye kwafinsa. Wajen inshora a faɗa musu a fili cewa ta haya ce mai ɗaukar fasinja, kada a yanki ta hawan gida don arha. Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, hukumar haɗin gwiwa da ke tsara inshora a ƙasashen Afirka masu amfani da sefa, kuma a ƙarƙashinta inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, saboda haka “mun yi magana da su” ba kariya ba ce. Idan yaro ya buge mutum, mai abin hawa ake nema. Wanda ya sha zuwa wurin haɗari yana auna titi ya fi kowa sanin yadda iyalin mamaci ke kallon mai motar da ba ta da takarda. Tsohon kaki, hula ko alamar aiki kuma kada a rataya a gilashi don a riƙa ɗaga wa yaro hannu.

Wasu na tambaya ko dogon baro, mai ɗaukar kaya, bai fi ba, ganin yadda ƙarancin ruwa ke sa jigilar bido ta zama sana'a a garin. Yana da kasuwa, amma bido 20 masu lita 25 rabin tan ne, kuma masu tuƙi ba sa tsayawa a nan. Shasi da birki ke biya. Aikin ƙarfi ne na matashi, ba mu ga ya dace da wanda ke son ya riƙa taɓa tuƙi da kansa ba.

Hukuncinmu a kan adaidaitar fasinja: haja ce mai kyau ga mai ritayar da ke zaune cikin gari, yana da kuɗinsa a hannu ba bashi ba, yana da lafiyar leƙa ƙarƙashinta kowane mako, kuma zai iya zama da yaro su yi lissafi cikin mutunci. Ba ta dace da wanda zai koma ƙauye ya bar ta a Zinder yana jiran aike ba, ba ta dace da wanda fanshonsa kaɗai ke riƙe da gida mai mutum goma sha ba, domin wata guda na babban gyara zai taɓa tukunya. A fara da guda ɗaya ko da kuɗin biyu na nan, a ga shekara ta zagayo da zafinta da daminarta da hazonta. Kason gyaran nan na ɗaya cikin uku a buɗe masa asusu dabam, ko a ba uwargida ta riƙe, kada ya kwana aljihu ɗaya da kuɗin cefane. Idan littafi ya nuna wata uku a jere gyara na cinye fiye da wannan kaso, ko ta fara neman ƙarin mai tsakanin canji da canji, lokacin sayarwa ya yi, tun tana tashi da bugu ɗaya kuma takardunta ba su ƙare ba.